Muryar Injin Mai Fito

Duk tsawon kogin nan, daga inda ya fito har inda ya faɗa, ba a taɓa yin mutumin da ya san muryar inji kamar Mai Fito ba. Shi da bakinsa ya tabbatar da haka, kuma ba wanda ya musa, domin injinsa ne kaɗai a mashigin. Ɗan ƙaramin inji ne na bayan kwalekwale, wanda rana ta cinye fentinsa har ba a iya karanta sunan waɗanda suka ƙera shi.

Yadda yake tayar da shi abin kallo ne. Zai jawo cok, wato ɗan maɓallin da ke toshe iska don inji mai sanyi ya sha mai sosai, ya ɗan murɗa totur, wato hannun ƙara wa inji wuta, ya fizgi igiya. Da injin ya kama sai ya juya masa baya, ya hau shirya mutane, wannan ya matsa, waccan ta janye kwandonta. Yana cikin haka zai ji muryar injin ta fara kauri, sai ya miƙa hannu ta baya ya tura cok ɗin ciki, ko waiwaye babu. Yakan ce mai kallon inji bai san inji ba.

Tun da ruwa ya fara cika bana sai injin ya canza hali. Ya tashi, ya ɗan yi, ya shaƙe, ya mutu. Ran nan ya mutu a tsakiyar kogi da mutane a ciki, ruwa ya yi ta jansu har sai da masunta suka taro su. Labari ya kai ga babban ɗansa da ke aiki a birni, ya aiko cewa yana tafe yau da la'asar, tare da mai sayen inji. In injin ya tashi a gabansa, ya kai su ƙetare ya dawo lafiya, shi ke nan. In ya ƙi, a sayar, Baba ya haɗa kayansa ya bi shi. Akwai ɗaki a kan bene yana jiransa, mai taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta.

Da hantsi yana tsugune a bayan jirgin, ya baje sufana da tsumma a kan buhu, sai inuwa ta faɗo kan kayan aikinsa. Ya ɗaga kai. Mai Kifi ce, taubashiyarsa, 'yar kawunsa, wadda ta yi watanni a gidan 'yarta tana jinyar gwiwa. Ta samu wani tsohon kwalekwale da aka kife a kan yashi ta zauna.

"…da gajiya, bawan gidanmu?"

"Ba gajiya, baiwar uwata. Ashe kin dawo. Na ce shi ya sa tun safe kifi ya ƙi fitowa."

"An ce mini ana jinya a nan, na ce bari in zo in ga gawa kafin a rufe."

"Wa ya ce miki ina jinya?"

"Ba kai ba, wancan. Kai ai ka daɗe da mutuwa, sanarwa ce ba a yi ba."

"Allah ya ba gwiwarki haƙuri. Ɗaukar baki irin naki ba ƙaramin aiki ba ne."

"Amin. Me ya same shi?"

"Ciwon zamani. Man yanzu ba mai ba ne, ruwan wanke-wanke ne aka sa wa launi."

"Laifi tudu ne. Ka taka naka ka hango na masu mai."

"Ke me kika sani? Na sauke kafireto na wanke shi tas, na hura kowace ƙofa da bakina. Na canza fulogi. Na canza tiyon mai. Wayar totur na zare ta na shafe ta da mai, ta fi gashin kanki santsi."

"Gashina ya fi gemunka yawa. Ba ka kira bakanike ba?"

"Yaron nan ya turo mini wani. Ya zo da jakarsa, ya ja igiya, injin ya tashi yana ɗinki kamar keken tela. Ya ce Baba ai lafiyarsa lau. Ƙurarsa ba ta kwanta ba na ja, ya mutu."

"Ashe injin yana jin kunyar baƙo."

"Munafuki ne. Halin dangin uwarki ya ɗauko."

"Ko dai kai ne ba ya so?"

"Tsohon doki sai mai shi. Zauna ki ga ikon Allah, ki ba jikokinki labari."

Ya juya ya fuskanci injin, ƙeyarsa na kallon tudu. Ya matsa ƙwallon robar tiyo har ya yi tauri, ya jawo cok, ya murɗa totur.

"Ƙeya kamar gindin tsohuwar tukunya," in ji Mai Kifi.

Bai tanka ba. Ta ɗauka aiki ne ya ɗauke masa hankali.

Ya fizgi igiya, injin ya kama. Ya juyo kamar yadda ya saba, ya harɗe hannu a ƙirji yana kallonta, fuskar nan kamar wanda ya ƙera kogin da kansa. Mai Kifi ba ta san komai game da inji ba, amma ta ƙare rayuwarta a bakin ruwan nan, ta san muryar wannan kamar yadda ta san tarin maƙwabcinta. Ta ji ta fara kauri. Ta ji ta koma gurnani irin na mai cin abinci yana magana. Nan ne hannun yake tafiya baya, tun suna da baƙin gashi. Ta zuba wa hannun ido.

Hannun bai motsa ba.

Hayaƙi ya turnuƙe, injin ya yi tari ya yi shiru. Mai Fito bai daina murmushi ba sai da katakon da yake tsaye a kai ya daina rawa. Sannan ya juya, ya duƙa a kan injin yana ƙunƙuni.

Mai Kifi ta gyara zama. Akwai maganar da ko yana tsakiyar cin abinci aka faɗa sai ya ajiye loma ya amsa.

"Ka tuna ranar da na kayar da kai a tsakar gidan kaka, na zauna a kanka, kana kuka kana kiran uwarka?"

Shiru. Ta ɗaga murya ta maimaita, har wata balbela ta tashi daga cikin ciyawa. Shiru. Sai ta kira shi da sunansa na yanka, wanda rabon da a ji shi a mashigin tun rasuwar mahaifiyarsa.

Ya ci gaba da kwance fulogi.

Ta daɗe tana kallon ƙeyar da ta gama zagi. Da ya juyo da fulogin a hannu, baƙi ƙirin, jiƙe da mai, ba ta yi dariya ba.

"Kin gani? Ya sha mai ya ƙoshi har ya yi amai. Kafireton ne, na faɗa."

"Zo nan."

"Bawa ke zuwa wurin ubangijinsa."

"Zo nan, ɗan gwaggo."

Ba ta cika kiransa haka ba. Ya tako ta cikin jirgin ya zauna a gaba, idonsa a kan bakinta.

"Na zagi ƙeyarka ɗazu."

"Ƙeyata ta saba."

"Na tono kokawar gidan kaka."

"Ƙarya ne, zamewa na yi. An zubar da ruwa a wurin."

"Yanzu ka amsa. Ɗazu fa?"

"Ƙyale ki na yi. Girma ya zo."

"Girma bai taɓa sanin hanyar gidanku ba. Tun muna tsirara ban taɓa jefa maka magana ta faɗi ƙasa ba. Yau na jefa har hannuna ya gaji. Na kira sunanka."

Ya dubi fulogin, ya juya shi a tafin hannu.

"Wane sunan?"

"Wanda gwaggo take kiranka da shi in ka yi laifi."

Ruwa na dukan gefen jirgin, ita kaɗai ke ji.

"Kogin ne ya yi shiru bana," in ji shi. "Na ce ko don ya cika. Zakaran maƙwabta ya daina cara, na ce sun yanka shi, har na yi fushi ba su aiko mini ba. Mutane kuma duk sun koma magana ƙasa-ƙasa kamar masu gulma."

"Zakaran na nan. Shi ya tashe ni yau."

"To Allah ya tsine masa."

"Injinka lafiyarsa lau. Yana kiranka ka tura cok, yana kira yana kira har mai ya shaƙe shi. Matan kasuwa sun ce mini kana murɗa totur sai ya yi kururuwa kamar ana yankan akuya, sannan ka sa giya, jirgi ya zabura, mutane su faɗa kan juna. Na ce ai daman ba ka da hankali. Ashe sai ya yi kururuwar kake sanin yana raye."

"Matan kasuwa ba su da aiki."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya ajiye fulogin a kan katako a hankali, kamar ƙwai.

"Kada ki gaya wa yaron nan."

"Don me?"

"Inji ana gyarawa. In ya ji kunne ne, ko injin ya rera waƙa sai ya tafi da ni. Kin taɓa ganin ɗakin? Ko tsuntsu ba ya wucewa ta tagar. Ni da na ƙetare da uwarsa tana naƙudarsa, zan zauna ina jiran a kawo mini ruwa a kofi."

"'Ya'yan mutane kake ɗiba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Naka bai ji ba, kuma jikin wasu kake kaiwa tsakiyar ruwa."

"Zan riƙa kallonsa."

"Kai? Mai kallon inji bai san inji ba."

"Wani jahili ne ya faɗi haka."

"To kalle shi mu gani."

Suka gwada. Ya goge fulogin ya busar da shi a rana, ya tura cok ciki, ya buɗe totur duka, ya yi ta jan igiya har injin ya tofar da man da ya sha. Ya mayar da fulogi ya ɗaure. Ya tayar, ya tsura wa injin ido kamar mai gadin ɓarawo. Amma hayaƙi ba ya zuwa sai magana ta riga ta lalace. Ya ɗora tafin hannu a kan murfin, hannun da igiya da gora suka mayar kamar ƙahon sa, bai gaya masa komai ba sai cewa abin na rawa. Ga shi kuma a tsakiyar kogi ido na kan ruwa ne, saboda kututturan da ambaliya ke kawowa. Mutum ba ya kallon gaba da baya lokaci guda, ko da shi ne ya fi kowa sani.

Ya zauna, gumi na ɗiga daga gemunsa.

"Shi ke nan. Ki zo ki taya ni ɗaure tabarma."

Kowa a mashigin ya san Mai Kifi ba ta shiga jirgi. Tun ranar da kogin ya karɓi mijinta bai mayar ba, a bakin ruwa take saye, a bakin ruwa take sayarwa, in biki ya kama a ƙetare ta aika da gaisuwa. Wannan ne abu ɗaya tak da Mai Fito bai taɓa tsokanarta a kai ba, kuma haƙurin ya ba shi wahala ƙwarai.

Ta miƙe, gwiwar ta yi ƙara. Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta tako har ruwa ya taɓa yatsunta.

"Miƙo hannu, bawa."

"Ina za ki?"

"Zan duba dukiyata ko tana yoyo. Jirgin bawa na uwargijiyarsa ne."

"Ke, bari. Ba sai kin…"

"Hannu na ce, ba wa'azi ba."

Ya miƙa. Ta kama, ya jawo ta ciki. Ta zauna a katakon da ke fuskantarsa, ta damƙe gefen jirgin.

"In na ji muryarsa ta yi kauri, zan yi maka haka." Ta ware yatsu biyar a fuskarsa. "Sai ka tura cok. In ka cika totur zan yi maka da hannu biyu, sai ka rage."

"Daƙuwa? Uwata fa gwaggonki ce."

"Ita ta koya mini. Ta ce in ajiye maka, wata rana za ka buƙata."

"Duk alamun duniya ba ki ga wata ba?"

"Wace alama ce ɗanka zai gani daga hannuna zuwa fuskarka bai yi mamaki ba?"

Mai Fito ya yi tunani, ya ga babu.

Da la'asar ɗan ya iso, takalmansa na ƙyalli, mai sayen inji na biye da shi yana yi wa injin kallon abin da ya riga ya zama nasa. Ɗan ya durƙusa zai gaida mahaifinsa, sai ya hango wadda ke zaune a ciki, gaisuwar ta maƙale.

"Gwaggo, ke ce a cikin jirgi?"

"Na zo in ga nutsewar ubanka da idona. Ba na son a ba ni labari a rage."

Suka shiga suka zauna. Mai Fito ya jawo cok, ya fizgi igiya, injin ya kama. Ya juya masa baya, ya ce wa mai saye ya janye ƙafarsa daga kan tiyo. Murya ta fara kauri.

"Ungo naka," in ji Mai Kifi, ta ware yatsu.

Hannun ya tafi baya, ko waiwaye babu. Injin ya gyara murya ya kama ɗinki.

Ɗan ya girgiza kai. "Ku dai har yau ba ku girma ba."

Kafin su kai tsakiya ya sha hannu biyu, ya rage totur. Wannan daƙuwar ta fi kowace tsada, don sai da ta saki gefen jirgin kafin ta yi ta. Suka taɓa ƙetare suka juyo. Da suka dawo mashigi Mai Fito ya duƙa yana rufe mai, ɗan ya yi magana ta bayansa.

"Baba, me ka yi masa haka ya warke?"

Shiru.

"Baba?"

"Ba ya magana da kai," in ji Mai Kifi. "Ka kawo masa mai saye har gida kamar wanda ya mutu ana rabon gado, kuma kana son hira?" Ta taka ƙafar Mai Fito da diddige. Ya juyo.

"Yaron na tambayar sirrin gyara," ta ce, tana buɗe baki sosai. "Na ce ba a ba ɗan birni."

"Ko ɗan ƙauye," in ji Mai Fito.

Ɗan ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri. Mai saye ya ce daman injin ya yi masa tsufa, ya kama hanya. Bayan an yi sallama, ƙurar motarsu ta kwanta, mashigin ya rage daga su sai balbelu.

Mai Kifi ba ta tashi daga katakon ba, ta juyo gare shi.

"Kalli bakina da kyau. Ba ka tayar da wannan abin ba ni a ciki. Ko kaza za ka ƙetare da ita."

"To."

"Kuma in yaron ya sake zuwa, kai za ka faɗa masa da bakinka, ya kai ka likita ya leƙa. Ƙila datti ne. In aka yi la'akari da sauran jikinka, datti ne."

"In ba datti ba ne fa?"

"Sai mu ci gaba har hannuna ya gaji."

Ya tsuguna ya jawo wani abu daga ƙarƙashin katakon baya, inda yake ajiye abin da ba ya son ruwa ya taɓa. Rigar nan ce mai hana nutsewa, guda ɗaya da jirgin ya mallaka, wadda ya daɗe yana matashi da ita in zai yi ƙailula. Ya kakkaɓe ta, ya ɗora mata a cinya.

"Mene ne wannan? Warin kanka ya kama ta."

"Saka. Ba don ke ba. In kika faɗa ruwa kifi zai ƙaura, mu rasa sana'a."

Ta juya rigar, ta shafa igiyoyinta.

"Ladan aikina ke nan?"

"Kin ci, uwargijiya," in ji shi, ya yi dariya, irin mai ƙarfi ta wanda ba ya jin kansa. "Gobe da sassafe. Kada ki makara, ina da mutane."

Washegari ta riga shi zuwa, sanye da rigar a kan zaninta. Ta zauna a karkace, ta ba injin gefen fuskarta na dama, ta ce haka gwiwar ta fi so. Kunnenta na hagu ya riga nasa mutuwa da shekaru.